POS na karɓar kuɗi, amma wa ke ƙirga kwalabe?

Duk wanda ya buɗe wurin shaƙatawa a yau, ko na gasasshen kifi da lemo mai sanyi ne a Kaduna, ko gidan kallon ƙwallo mai firji biyu a Kano, ko mashaya a Jos da Abuja, abin da yake fara nema bayan janareta shi ne na'urar POS. Ba ya ma shan wahalar nema. Wakilan kamfanoni ne ke biyo shi har bakin ƙofa, kowa na rantsuwa cajinsa ya fi sauƙi. Galibi a nan zaɓin yake tsayawa: a ɗauki mai araha, ko irin wadda maƙwabci ke amfani da ita. Kuskure ne, kuma mai tsada.

Ba a ga laifin 'yan kasuwa sosai ba, don a guje abin ya zo musu. Tun 2012 Babban Bankin Najeriya ya fara shirin rage yawon tsabar kuɗi daga Legas, amma a Arewa bai kankama ba sai farkon 2023, lokacin da sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a zamanin Godwin Emefiele ya sa kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. Manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarƙewa, su kuwa OPay, PalmPay da Moniepoint tiransifarsu na wucewa. Mai shayi da mai tsire da mai otal duk suka rungume su. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Yanzu ruwan ya janye, ya kamata a tsaya a duba abin da aka kama. Na'urar karɓar kuɗi daban, manhajar lissafin ciniki daban. POS ta san nawa ya shigo asusu, amma ba ta san abin da ya fita daga firji ba, kuma a sana'ar dare ta can ne uwar kuɗi ke zurarewa.

A ɗauki tebur ɗaya na mutum shida da suka zauna tun bayan isha'i har sha ɗaya. Ba lokaci guda suke oda ba: lemo biyu yanzu, kifi an jima, ruwa, sai wani lemon. Da za su tashi, ɗaya ya miƙa kati, ɗaya ya ce zai yi tiransifa, na uku ya zaro tsabar kuɗi, na huɗu kuwa ɗan gida ne, ya ce a rubuta masa. Teburan irin wannan goma sha biyar ne, yara uku ke zirga-zirga a tsakaninsu, maigida kuma ya tafi gida tun tara. Kiret ɗin lemo kwalba 24 ne. In an sa kiret goma a firji, da safe aka tarar da saura kwalba 30, to kuɗin kwalba 210 ake nema. Babu risit ɗin POS da zai faɗi ko sun cika.

Hanyoyin zurarewar sanannu ne ga duk wanda ya taɓa riƙe irin wannan wuri. Yaro ya karanta wa mai saye lambar asusunsa na kansa maimakon ta shago. Ko ya karɓi kuɗi sannan ya ce an fasa odar. Wani ma, don ƙwarewa, nasa kiret ɗin yake sayowa ya zuba a firjin maigida, ya sayar da sanyin janaretan maigida. Ga kuma masu nuna alat na bogi a fuskar waya su fice cikin hayaniya. Ba duk yara ke haka ba; da yawa ma su ake zalunta, a yanke musu albashi kan giɓin da ba wanda ya san inda ya samo asali. Lissafi mai kyau yana kare yaron kirki kamar yadda yake kare maigida.

Don haka tambayar da za a fara yi wa mai tallar manhaja ba ta caji ba ce. A tambaye shi ko za a iya buɗe wa kowane tebur shafinsa, a yi ta ƙara oda har a tashi, sannan a raba biyan gida uku ko huɗu. A tambaye shi ko kowane yaro zai shiga da lambar sirrinsa, kuma ko soke oda na buƙatar izinin manaja ya kuma bar alama. Duk kwalbar da aka sayar ta ragu da kanta daga lissafin kaya. Tiransifa kuwa kada a yarda da ita sai ta bayyana a na'urar shago ta fitar da risit.

Cajin da ake ta ciniki a kai fa? Ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ta sa kuɗin da ake cire wa ɗan kasuwa a cinikin kati ya zama rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kuma kada ya wuce naira 1,000. A cinikin naira 20,000, naira 100 ke nan. Harajin naira 50 kan tiransifar da ta kai naira 10,000 kuwa na gwamnati ne, su OPay ma sun fara cirewa a Disamban 2024. Bambancin da ke tsakanin kamfani da kamfani bai kai kuɗin kwalba ɗaya da ta yi ɓatan dabo ba.

Sai maganar sabis. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da dama suka kasa aiki yadda ya kamata. Mutanen Zamfara kuwa ba sai an tuna musu Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Kati ba zai wuce babu sabis ba, amma lissafi bai kamata ya tsaya ba. Manhaja irin Loyverse, wadda ake saukewa kyauta a wayar Android, tana ci gaba da rubuta ciniki ko babu intanet, ta aika bayanan in ya dawo. Ita kuwa Square da masu bidiyon Amurka ke yabo, ba ta karɓar kuɗi a Najeriya. Duk manhajar da ake biya da dala ma a yi hattara: dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati a Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Ajiye na'ura biyu daga kamfani biyu ba almubazzaranci ba ne. Asusun ya kasance da sunan kasuwancin, ba na ɗan'uwan maigida ba, kuma kada a bar cinikin watanni ya taru a ciki. An soke lasisin bankin Heritage a Yunin 2024, inshorar da hukumar NDIC ke bayarwa kuma tana da iyaka: naira miliyan 5 a manyan bankuna, miliyan 2 a ƙanana.

Wani zai ce littafi da biro sun riƙe kasuwar Kwari shekara da shekaru. Gaskiya ne, kuma mai shayin da shi ke dafawa shi ke karɓar kuɗi ba ya buƙatar komai bayan POS ɗinsa. Buƙatar tana farawa ne ranar da hannun da ke buɗe firji ya bambanta da na mai firjin. Ko a nan ma manhaja ba za ta tashi ta ƙirga kwalabe ba. Dole wani ya ƙirga su kowace safiya ya gwama da abin da ta rubuta.

Kafin a biya ko sisi, a nemi gwaji. Ba da rana tsaka a gaban manaja ba: a miƙa wa yaron da ya fi kowa ƙarancin karatu, a daren da Arsenal ke karawa da Manchester United, a ga ko zai iya shigar da odar tebur uku kafin a dawo daga hutun rabin lokaci.