Ƙofar Jam'iyya da Kuɗin Jama'a

Ranar 19 ga Afrilun 2016 aka yi zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a jihar New York, inda Hillary Clinton ta kara da Bernie Sanders. Miliyoyin masu katin zaɓe waɗanda ba su yi rajista da wata jam'iyya ba sun zama 'yan kallo, domin wa'adin sauya rajista ya ƙare tun Oktoban 2015, wata shida kafin zaɓen.

Masu goyon bayan rufe ƙofa suna da hujja mai ƙarfi. Jam'iyya ƙungiya ce mai aƙida, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2000 Kotun Ƙolin Amurka ta soke tsarin Kalifoniya da ya bai wa kowa damar zaɓar ɗan takarar kowace jam'iyya, bisa dalilin cewa ya keta 'yancin ƙungiya. Tsoron kutsen baƙi ma yana da tushe: a 2014 Sanata Thad Cochran na Republican ya nemi ƙuri'un magoya bayan Democrat a Mississippi, ya kuma tsallake zagaye na biyu da ƙyar.

Sai dai akwai abin da wannan hujja take tsallakewa. Galibin zaɓukan fid da gwani a Amurka hukumomin jihohi ke gudanar da su da kuɗin haraji, wanda ɗan jam'iyya da ɗan ba-ruwana duk suke biya. Kuma a yawancin mazaɓun Majalisar Wakilai jam'iyya ɗaya ce ta yi kaka-gida, don haka wanda ya lashe fid da gwani ya gama cin kujera tun kafin Nuwamba. Hana mutum shiga wannan mataki daidai yake da hana shi zaɓen da ke da tasiri.

Ya dace jam'iyya ta kange 'yan jam'iyyar hamayya, domin suna da nasu gida. Amma wanda ba shi da kowace jam'iyya ya kamata a bar shi ya yi rajista ko da ranar zaɓe, ya zaɓi jam'iyya guda ya kaɗa ƙuri'arsa. Jam'iyyar da ta ƙi wannan sharaɗi, sai ta ɗauki nauyin zaɓenta daga aljihunta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.