Wa Ke Ƙona Kasuwanninmu?

'Yan'uwa talakawa, musamman ku 'yan kasuwa, mun gaji da jaje. Cikin watan Maris na 2016 wuta ta tashi da dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kafin a shawo kanta ta cinye rumfuna da shaguna dubbai. Cikin Janairu na 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta kama, bayan wata biyu ta Katsina ta bi sahu. Kowane karo abin da a ke yi guda ne. Manya su zo cikin jerin motoci, su tsaya bisa toka a ɗauke su hoto, su ce Allah ya mayar da alheri, a kafa kwamiti. In an tambayi dalili a ce matsalar wutar lantarki ce, sa'an nan a rufe zancen da kalmar ƙaddara. Mai rumfa ya koma gida da makulli a aljihu, ba ƙofar da zai buɗe da shi, ga bashin dila biyu a wuyansa.

Ba mu ja da ƙaddara, ba mu kuma ce kowace gobara daga waya ta tashi ba. Amma fa ba wanda ya ke barin rumfarsa a buɗe ya tafi gida, in ɓarawo ya kwashe ya ce ƙaddara. Kwaɗo ya ke saye, ya biya mai gadi. To, don me sai wajen wuta ne kaɗai a ke so mu naɗe hannu? Dalili shi ne muddin talaka na ganin lantarki kamar aikin aljanu, ba zai san wanda zai tuhuma ba. Saboda haka bari mu warware abin, gama ba shi da wuyar da a ke ba shi. Wanda ya iya lissafin yadi da kwano zai iya wannan.

Wutar da ke shigowa gida ko rumfa a ƙasar nan ƙarfin turinta bolt 230 ne. Bolt shi ne ƙarfin turi, kamar na ruwan da ya taho daga tanki mai bisa. Amfiya ita ce yawan abin da ke gudana cikin wayar. Wat kuwa shi ne cin da kowane abu ya ke yi, a kan rubuta shi a jikin dutsen guga ko hita ko firji. In ka raba wat da 230, ka sami amfiya. Iyakar lissafin ke nan. Waya biyu ke aikin: mai kawo wuta, ja ce ko kuwa ruwan ƙasa a sabon tsari, da mai mayarwa, baƙa ko shuɗiya. Akwai ta uku, koriya ko koriya da rawaya, wadda za mu zo kanta.

Kowace waya tana da iyakar kayan da ta ke iya ɗauka, kamar jaki. Bambancin shi ne jaki in an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa sai ya durƙusa kowa ya gani, waya kuwa ba ta kuka, ɗumi ta ke yi a ɓoye cikin silin ko bayan kwalaye, har robar jikinta ta narke. Kuma ɗumin nan ba daidai da kaya ya ke hawa ba. In kayan ya ninka biyu zafin ya ninka huɗu, in ya ninka uku zafin ya ninka tara. Shi ya sa masu sani su ke sa waya mai kaurin milimita 1.5 ga fitilu, mai 2.5 ga soket, mai 4 ko 6 ga abin da ke cin wuta da yawa irin na'urar sanyaya ɗaki da murhun lantarki.

Ga misali. Fulogi mai ƙafa uku da mu ke amfani da shi iyakarsa amfiya 13, watau abin da bai kai wat 3,000 ba. Sai mutum ya sayo doguwar soket ɗin nan mai baki huɗu ko biyar, ya soka hita mai wat 1,500, da dutsen guga mai 1,200, da butar shayi mai 2,000. Jimla wat 4,700, watau amfiya 20 da ɗoriya. Wayar da ke cikin irin masu arahar nan sau da yawa ba ta wuce ta amfiya 6 ba. Zafin da za ta yi ya fi ninki goma na abin da aka yi ta dominsa. A ƙarƙashinta kuwa me ke akwai? Atamfa, da katifa, da leda.

Wannan ma in wayar ta gaskiya ce. Ku yanki wadda a ke sayar muku ku kankare ta da wuƙa. In ta fito fari, alminiyon ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Alminiyon bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, ga shi ya kan saki a wurin ɗauri. Wata kuma an rubuta 2.5 a jikinta, roba ce ta yi ƙiba, silin da ke ciki bai kai ba. Wa ya bari ta shigo ta tashar jirgin ruwa? Wa ya bari ta ƙetare kan iyaka? Akwai hukumar SON wadda aikinta ke nan, duba ingancin kaya. Mai sayar da tumatir dai ba shi da awon da zai gane kaurin waya.

Waɗanda su ka ƙago tsarin nan sun san haɗarin, don haka su ka sa masa mai gadi, shi ne fis. Fis ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi da gangan ya zama mafi rauni a duk layin, domin in kaya ya yi yawa shi ya ƙone, wuta ta yanke, gida ya tsira. Ƙonewarsa ita ce aikinsa. Amma me mu ke gani? Fis ya ƙone sau biyu, sai a kira yaro ya naɗa masa waya mai kauri, wani ma ƙusa ya ke cusawa, a ce yanzu ba zai sake damunmu ba. Gaskiya ne, ba zai sake ba. An kori mai gadi don yana tashin mai gida daga barci. Daga ranar nan wayar cikin bango ce ta zama fis, ita ce za ta ƙone. Bireka ma haka, in ta faɗi ba lalacewa ta yi ba, magana ta ke yi. Wanda ya canja ta da babba ba tare da ya canja waya ba, daidai ya ke da mai ƙusa.

Akwai kuma wanda fis ba ya gani sam, shi ne mugun ɗauri. A murɗa waya biyu da hannu, a naɗe da salatif ko leda, a rataye bisa ƙusa. Wurin ya saki, tartsatsi ya riƙa tsalle tsakani, zafi ya taru a wuri guda, alhali kuwa amfiyar ba ta wuce ƙa'ida ba, saboda haka ba abin da zai yanke. Ku ɗaga kai a layinku gobe da safe ku ƙirga irin wannan ɗaurin. Wanda ya ji ƙaurin roba, ko ya ga bakin soket ya yi baƙi, ko ya taɓa makunni ya ji ɗumi, ya riga ya ga gobarar tun tana jaririya.

Waya ta uku, koriyar nan, ita ce ta ƙasa. Ana haɗa ta da jikin ƙarfen firji ko injin markaɗe, ɗaya bakin kuma da sandar ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa. In wuta ta ɓalle ta hau jikin injin, sai ta bi ta nan ta yanke fis maimakon ta bi ta jikin mai markaɗe. Abin da ke kashe mutum kaɗan ne ƙwarai. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana shan wajen rubu'in amfiya, kashi ɗaya cikin biyar na wannan in ya ratsa ƙirji ya isa ya rikita bugun zuciya. Akwai wata bireka ta musamman da ke jin ɓallewar da ba ta wuce kashi 30 cikin 1,000 na amfiya ba, ta yanke kafin ƙiftawar ido. Kuɗinta bai kai na ƙofar ƙarfen da ke bakin shagon ba. Rumfa nawa ke da ita? Ɗan kwangila ya kan bar koriyar waya ma ɗungum, don ba mai gani, fitila kuwa tana kamawa ko babu ita.

To, don me gobarar kasuwa ta fi son dare? A nan ne zancen ya bar hannun ɗan kasuwa. An ɗauke wuta tun hantsi. Tela ya bar dutsen guga a soke, mai shayi ya bar hita, ba don sakaci ba, don abin da ba ya aiki ba ya tuna wa mutum da kansa. Magariba ta yi aka kulle. Ƙarfe biyun dare a kawo wuta, ba kowa sai mai gadi a bakin ƙofa. Wani lokaci ta zo da rauni, injin firji ya kasa tashi, ya yi ta gurnani yana zafi. Wani lokaci wayar mayarwa ta tsinke can wajen taransifoma, sai abin da ya kamata ya zama 230 ya haura ya doshi 400 a waɗansu shaguna, kome da ke soke ya soye. Da wuta na zama yini da dare kamar yadda a ke karɓar kuɗinta, da tela ya ga dutsensa da zafi ya zare kafin ya fita.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari, mun sani. Akwai masu jona wuta ta bayan mita, akwai masu ajiye jarkar fetur kusa da janareta, akwai masu haɗa janareta da layin gida ba tare da abin canji ba, har wutarsu ta koma kan falwaya ta kama ma'aikacin da ya hau gyara. Waɗannan ba mu kare su. Amma a tambaya, wa ya mai da kowace rumfa tashar lantarki? An yi ECN, aka yi NEPA a 1972, aka yi PHCN a 2005, cikin Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni goma sha ɗaya. Suna huɗu ko biyar, duhu ɗaya. Cikin Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin masu layin da a ke kira Band A zuwa naira 225 kowane ma'auni. Wajen ƙarin kuɗi ba a taɓa makara ba.

Kamfani zai ce iyakarsa mita, abin da ke bayan mita na mai gida ne. To, a kasuwa wane ne mai gida? Tsarin mulkin ƙasa ya sa kafa kasuwanni da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi, manyan kuwa sau da yawa gwamnatin jiha ke riƙe da su ta hannun hukumar kasuwa. Su ke karɓar kuɗin rumfa, da na shara, da na sauke kaya. Mai rasit bai taɓa ɓata hanyar rumfarka ba, ko ana ruwa ko ana azumi. A 2015 aka yi dokar da ta kafa hukumar NEMSA, aikinta duba haɗin lantarki da gwada shi da ba da shaida, da kuma tantance masu aikin wayarin. A 2023 aka gyara tsarin mulki aka kuma yi sabuwar dokar lantarki, jihohi su ka sami ikon tsara harkar wuta a cikin iyakarsu. Watau uzurin nan na cewa abin na tarayya ne ya ƙare. Kowane ɗan kasuwa ya tambayi kansa sau nawa mai karɓar haraji ya zo masa bana, sau nawa kuma mai duba waya ya zo.

Har wa yau, su wa su ka sayar da hanyoyin cikin kasuwa aka kafa rumfunan katako a kai, har motar 'yan kwana-kwana ta zo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo? Ba mai tallan gyaɗa ya sa hannu a takardar ba.

Abin da mu ke nema ba sadaka ba ne, daga cikin kuɗin da aka riga aka karɓa ne. A sake wayarin kasuwa layi layi da wayar jan ƙarfe ta gaskiya cikin bututu. Kowane layi ya sami babban makunni guda a waje, inda mai gadi zai kashe shi in an tashi, masu firji da ɗakin sanyi a ware musu nasu layin. A duba sau ɗaya a shekara, a manna takardar dubawa a ƙofar kasuwa da kwanan wata da sunan wanda ya duba, domin in ta kama a san wanda za a kira gaban alƙali. In kuwa an yi gobara, a buga rahoton kwamiti da Hausa a karanta a rediyo, kada a kulle shi a durowa.

Kafin su farka, ku kare naku. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, amma wannan wutar ba a yi mata ruwa, gama ruwa hanya ce gare ta zuwa jikin mai watsawa. A fara kashe babban makunni, sa'an nan yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Wanda wuta ta kama kada a cafke shi da hannu, a yanke wutar, in ba hali a ture shi da busasshen itace. Kowa ya zare kome daga soket kafin ya sa kwaɗo, ko da wuta ko babu, musamman ma in babu.

Ranar taron ƙungiyar 'yan kasuwa mai zuwa, in shugabanni sun kawo zancen ƙarin kuɗin rumfa, wani ya miƙe ya ce a fara nuna takardar da ke cewa an duba wayar layinsu, da ranar da aka duba. In babu, magatakarda ya rubuta cikin littafin taro cewa babu, a sa hannu, a kai kwafi ofishin hukumar kasuwa a karɓo shaidar sun karɓa.