Ƙarfe Ma Yana Gajiya

Duk wanda ya zaga ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu da bazara, ba zai rasa ganin famfon tuƙa-tuƙa a tsaye ba ruwa ba, mata da yara kuwa sun koma tsohuwar rijiya mai nisa. In ka tambaya sai a ce maka wai haka kawai ya lalace. To, jama'a, babu abin da ke lalacewa haka kawai. Kowane kayan aiki yana da kwanakinsa, kuma mai lura yana iya ƙidaya su.

Ɗauki waya ka lanƙwasa sau ɗaya, ba za ta karye ba. Amma yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, sai ka ga ta tsinke ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Wannan shi masana ke kira gajiyar ƙarfe. Wani Bajamushe injiniyan jirgin ƙasa, August Wöhler, ya yi shekaru wajen 1860 yana gwada sandunan ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun tarago. Ya gane cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe nan take ba yana karya shi in ya yi ta maimaituwa. Hannun famfo kuwa sau dubbai ake ɗaga shi a sauke kowace rana.

Masu wannan ilmi sun raba rayuwar kaya uku, kamar ta ɗan Adam. Da ƙuruciya, wanda aka ƙera da aibu ko aka ɗaura a karkace yakan mutu da wuri. Wanda ya tsallake wannan sai ya daɗe lafiya lau. Daga nan tsufa ya zo, roba ta cinye, sarƙa ta saki, bututu ya yi tsatsa. Tsufan nan ba ya zuwa a ɓoye: hannu zai fara sassauci, a ji ƙara, bokitin da ke cika da tuƙi kaɗan ya koma sai an sha wuya.

Abin da ya rage mana shi ne rubutu. Ga misali: in littafi ya nuna robar famfo goma duk ta cinye tsakanin wata takwas da shekara guda, ashe sai a canja ta a wata na bakwai, a kuma sa kuɗinta cikin kasafi tun da wuri. Kuɗin roba kaɗan ne, amma gari ya yi wata guda yana shan ruwan kududdufi, ai wannan cuta ce aka saya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ina roƙon malaman ofis na ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, kowa ya buɗe wa kowane famfo shafinsa: ranar da aka kafa shi, abin da ya lalace, da ranar gyara. Ku kuma 'yan'uwana malaman makaranta, ku sa yara su riƙa ƙirga tuƙi nawa ke cika bokiti kowace Litinin, su rubuta. Lissafi ne suka koya, gari kuma ya tsira da ruwansa. Haka kwanon rufin aji, a duba ƙusa da katakon da gara ta ci kafin iskar farkon damina.

Allah shi ke da gobe, amma shi ya ba mu ido da alƙalami. Allah ya sa mu gane, amin.