Masu Awaki, Mu Haɗa Mota Kafin Disamba

Mun saba lissafin kasuwa da Sallah, alhali a nan Kudu masu sayen akuya da yawa kalandarsu daban ce. 'Yan ƙabilar Ibo na nemanta lokacin bikin sabuwar doya, wajen Agusta, sai Kirsimeti da bukukuwan aure da na binne mamaci. Masu gidajen abinci kuwa kullum suna buƙatar kai don isi ewu, Yarbawa na gasa asun. Galibinsu babbaka suke yi, ba fiɗa ba, don da fatar ake ci. Ke nan kyan fatar jar akuyar Sakkwato, da majema ke yabo, bai dame su ba. Nauyi suke dubawa.

Amma yaya muke yi? Kowa ya ɗauko goma ko ashirin daga Illela ko Maigatari, ya biya kuɗin mota da na shingaye shi kaɗai, ya iso da dabba a galabaice. Sai mu tsaya a kara muna karya wa juna farashi, dillali ya kwashi la'ada.

A ganinmu, masu kiwo a gida da mu da ke nan mu haɗa tirela ɗaya, mu yi yarjejeniya da masu gidajen abinci kan adadin da za a kai musu duk mako. Mun san abin da ake tsoro: amana. To, kowace akuya a yi mata shaida, a rubuta sunan mai ita da kuɗinta a littafi, a gaban shaidu biyu, tun kafin a loda.