Raddi ga mai cewa Sarauniyar Lugu ba ta da iko

Wani malamin makaranta a ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi, ya dage cewa kuskure ne a ce Sarauniyar Lugu tana da iko. A wurinsa iko na mai hatimi da gidan kaso ne: perefe a Dogon Dutsi ko Tibiri, alƙali, zandarma, sai sarkin da gwamnati ta ba takarda. Abin da ke Lugu, in ji shi, al'ada ce kurum. Bari mu bi hujjojinsa.

Ta farko, wai mai iko shi ne wanda zai iya tilasta maka. To, Malam, wannan ai Bahaushe yana da sunansa daban, ƙarfi ke nan, in ya wuce gona da iri a ce fin ƙarfi. Je ka kasuwar dabbobi ka tsaya. Dillali ƙato, igiyar sa a hannunsa, an taya har farashi ya yi kyau, sai ka ji ya ce, "Ba ni da ikon sallamawa, sai mai shi ya zo." Me ya rasa? Ba ƙarfi ba dai. Waliyyi kuwa, ko tsoho ne da sai an tashe shi daga tabarma, shi ke da ikon ba da aure, samari majiya ƙarfi na zaune suna jiran bakinsa. Ashe iko shi ne a san cewa maganar nan kai ke yanke ta, jama'a kuma su yarda da haka.

Lugu kanta ta ga bambancin da idonta. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka wa garin, zamanin Sarauniya Mangu. Bindiga tasu ce, suka ƙone garin suka wuce, suka je suka yi ɓarna mafi muni a Birnin Konni. Kafin watan Yuli ya fita Voulet ya sa an harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, sojojinsu kuma suka kashe shi da Chanoine. Mutumin da 'yan bindigarsa suka juya masa baya, ina ikonsa? Mutanen Lugu kuwa suka dawo daga daji suka ci gaba da jin maganar Sarauniyarsu.

Hujja ta biyu, wai ba takardar gwamnati da ta naɗa ta. Gaskiya ne dokar sarautun gargajiya ta 1993, da wadda ta biyo ta a 2015, sun tsara yadda ake zaɓen sarakuna da aikinsu na sasanta rigingimu. Amma doka tarar da sarauta ta yi, ba ita ta haife ta ba. Kuma tun kafin Nasara, Arewa ba ta taɓa tara iko a hannu ɗaya ba. Akwai 'yan sarauta, masu gadon Sarkin Arewa a Matankari, akwai kuma 'yan ƙasa, waɗanda aka tarar, su Sarauniya a Lugu da Baura a Bagaji. Marc-Henri Piault ya yi bayanin wannan rabo a littafinsa kan tarihin Mawri, wato mutanen Arewa, a 1970. Naɗin ma yana da ƙa'idarsa: in Sarauniya ta rasu ana yin tarkama, a ɗauki gawarta, matar da makarar ta nufa ita ce magajiya. Wanda ake zargi kuma ana kai maganarsa gaban dutsen Tunguma. Kana iya ƙin yarda da hanyar, wannan naka ne, amma inda ake da tsarin gado da wurin kai ƙara, cewa babu iko rufe ido ne.

Ta uku ita ce ya fi ɗaga murya a kanta: "Iko sai Allah." Babu Musulmin da zai musa. Sai dai in da wannan kalma tana hana a jingina iko ga ɗan Adam, da perefen da ya fara ambata shi ma ya fita. Faɗin cewa Azna, masu addinin gargajiya, suna bin umurnin Sarauniya labari ne aka bayar, ba shiga addininsu aka yi ba.

Wuri ɗaya zan ba shi gaskiya. Littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986 sun mai da Sarauniya Mangu jarumar faɗa mai dakaru, alhali Sarauniyar da mutanen Lugu suka sani mace ce mai farin zane, a killace cikin ɗakinta, tana kaɗin auduga. Amma ni a ganina kuskuren masu fim da na Malam uwarsu ɗaya: duka sun ɗauka sai an riƙe makami ake da iko. Su sai suka miƙa mata makamin, shi kuma da ya duba bai ga makami a ɗakin ba sai ya ce babu komai.