Jarfar Gira ta Zamani: Tsakanin Neman Ado da Gyaran Aibi

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

A 'yan kwanakin nan tambaya ta yawaita a kan kwalliyar da ba ta goguwa, musamman zanen gira da ake kira maikurobiledin, wanda ake tallarsa a Instagram da TikTok har ya shigo shagunan kwalliya na manyan biranenmu. Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai wadda ta gaji da jan jagira kowace safiya. Akwai kuma wadda maganin ciwon daji, ko ƙuna, ko cutar zubewar gashi ta share mata gira ƙaf. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ba su amsa iri ɗaya.

Malamanmu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Ana ɗaukar wani ɗan alƙalami mai jerin ƙananan allurai, a tsaga fata siri-siri kamar silin gashi, a cusa launi a ƙarƙashin fatar sama. Wasu da inji suke yi, a gira ko a bakin fatar ido ko a leɓe. Launin yakan dushe cikin shekara 1 zuwa 3, sai a koma a sabunta. Wanda ya san jarfar da wanzamai suke yi tun kaka da kakanni zai ga aiki ɗaya ne: huda fata da cusa launi. Kayan aiki da suna kawai suka sauya.

Wannan shi ne abin da Larabawa suke kira washmu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA) tsinuwa a kan mai yin sa da wadda ta nemi a yi mata don neman kyau. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure sun san ya kawo hani ga mata a kan jarfa da ƙarin gashi. Wasu malaman zamani sun sassauta, suka ce zanen yana tsayawa ne a saman fata kuma yana gushewa, don haka ya fi kusa da lalle. Amma abin da likitocin fata suke faɗa ya raunana wannan hujja. Fatar sama tana sabunta kanta cikin kusan wata guda, shi ya sa lalle yake fita da kansa. Launin da ya yi shekara bai fita ba, ya wuce ta ke nan. Saboda haka abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne: macen da girarta lafiya lau take, bai halatta ta yi ba, lalle da kwalli da jagira sun ishe ta.

Mas'alar mara lafiya ita ce take buƙatar natsuwa, domin dalilai sun zo ta ɓangare biyu. Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) maganar tsinuwar nan tare da ƙaidin cewa idan ba don wata cuta aka yi ba. Haka nan Arfaja ɗan As'ad (RA), wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinari, alhali zinari haramun ne ga maza. Daga nan malamai suka fitar da bambanci tsakanin ƙara kyau da mayar da halitta yadda take. Nafrawi, a sharhinsa na Risala, ya bayyana cewa haramcin jarfa yana ɗagawa idan ita ce kaɗai hanyar magani. A shekarar 2007 kuma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Putrajaya a Malesiya, ta halatta tiyatar gyara aibin da ƙuna ko haɗari ko cuta suka jawo, har da dashen gashi ga wanda nasa ya zube.

A ɗaya ɓangaren akwai hadisin Asma'u 'yar Abubakar (RA) a Bukhari da Muslim. Wata mata ta zo ta ce 'yarta amarya ce, ƙyanda ta zubar mata da gashi, ko za ta yi mata ƙari? Annabi (SAW) bai ba ta dama ba. Da wannan ne wasu malamai suka hana ko da ga mara lafiya. Masu halattawa suka amsa cewa gashin da ƙyanda ta zubar yana dawowa, kuma a lamarin akwai ɓoye wa ango gaskiya.

Idan aka haɗa dalilan, sauƙin yana nan, amma da sharuɗɗa: likita ya tabbatar gashin ba zai dawo ba, dashen gashi ko magani ba su yiwu ba, a tsaya a kan siffar gira ta asali, kuma kada a yaudari mai neman aure. Sharaɗin farko ya fi shafar masu karɓar maganin ciwon daji, domin galibinsu gashinsu yana fara tsirowa cikin 'yan watanni bayan kammala magani. Ga kuma haɗari: a lokacin maganin garkuwar jiki tana raunana, jini yana iya jinkirin tsayawa, ƙaramin rauni sai ya zama babba. 'Yar'uwa, kada ki bari a taɓa fatarki da allura sai da yardar likitan da yake duba ki.

Ko inda shari'a ta yi sauƙi, ba ta yarda a cutar da jiki ba. Allurar da aka yi wa wata amfani da ita tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Shi kansa launin abin dubawa ne. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da wani launi don a cusa shi cikin fata saboda kwalliya ba, kuma a 2003 da 2004 ta samu rahoto sama da 150 na waɗanda wasu launukan wannan kwalliya suka yi wa illa. Tarayyar Turai kuwa, daga Janairun 2022, ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar jarfa. Wadda aka kawo wa kwalba babu bayanin abin da ke ciki, ta tambayi kanta wa ya tantance ta. Mu baƙar fata kuma mun fi saurin yin tabo mai tudu, wanda duk ya san jikinsa yana yin haka ya nisanci abin. Cirewa ma ba wasa ba ce, domin hasken leza yana iya mayar da launin da ke da sinadarin ƙarfe ya koma baƙi.

Akwai abin da masu talla ba sa faɗa, wato alwala. Bayan an yi zanen sukan ce kada ruwa ya taɓa wurin kamar mako guda zuwa kwana 10, sannan a dawo bayan wasu makonni a maimaita. Gira kuwa tana cikin fuska, wanke fuska farilla ne. Mai uzurin rashin lafiya tana da rangwamen shafa a kan rauni ko a kan bandeji idan ruwa zai cutar. Amma wadda ado kawai ya kai ta, da wace hujja za ta taɓa farillar alwala a salla 50? Idan wurin ya warke, launin yana ƙarƙashin fata ne, ba ya hana ruwa isa, alwala da wanka sun inganta.

Wadda ta riga ta yi cikin rashin sani ko son zuciya, ta tuba, kada ta koma sabuntawa, ta bar shi ya dushe. Imam Nawawi yana ganin wajibi ne a cire idan babu cutarwa, amma Nafrawi ya ce abin da aka yi afuwa ne a kansa, sallarta ta inganta. Mazaje da dangi kuma su ji tsoron Allah game da wadda cuta ta sauya wa kama. Sau da yawa gori da kallon da ake yi mata a gida ne suke tura ta shagon da ba ta san tsabtarsa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta.

Allah ne Mafi sani.