Wayar Ɗalibi: Alhakin Gida Ne Kafin Na Makaranta

'Yan'uwa malamai, akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin iyaye duk lokacin da aka kira taron iyaye da malamai: "Ai yaran yanzu sun fi mu sanin waya, zamaninsu ne." Da wannan hujja uba yakan saya wa ɗansa mai shekara 12 babbar waya, yana zaton ya ɗora shi bisa turbar ilimin zamani. A ganina wannan fahimta kuskure ce, kuma wajibinmu ne mu gyara ta, domin a cikin ajinmu illarta take bayyana.

Manhajoji irin su TikTok da Facebook kyauta ake shiga cikinsu, galibi da talla suke samun kuɗi. Iya daɗewar ido a kan allon waya, iya yawan ribarsu. Shi ya sa aka tsara su ta yadda bidiyo ba ya ƙarewa sai wani ya biyo baya. Babba ma da ƙyar yake iya ajiye wayar, balle yaro. Su kansu kamfanonin sun ƙayyade shekara 13 ga mai buɗe shafi, amma yaro na iya ƙara wa kansa shekaru wajen rajista ba tare da an tambaye shi shaida ba.

Kuma gwanintar latsa waya daban take da iya kwamfuta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Abin da ake bukata a wurin shi ne ɗalibi ya natsu, ya karanta doguwar tambaya, ya fahimce ta cikin ƙayyadadden lokaci. Wannan natsuwar ce kuwa gajerun bidiyo suke cinyewa.

Wasu ƙasashe sun farga. Faransa ta hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta tun 2018. Rahoton UNESCO na 2023 ya ba da shawarar kada a shigar da fasaha aji sai inda za ta taimaki karatu. A 2024 majalisar Ostareliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafafen sada zumunta. Sai dai ikon malami yana ƙarewa ne da ƙararrawar tashi. Ɗalibin da ya raba dare yana kallo a ƙarƙashin bargo, da safe gyangyaɗi zai yi a darasin farko, kuma idan ya faɗi jarrabawa malami za a tuhuma.

Iyaye suna da uzurinsu, musamman a wannan hali na rashin tsaro da kowa yake son jin inda ɗansa yake. Amma ƙaramar waya mai madannai ta isa kira. Haka nan ya kamata malami ya guji tura aikin gida ta WhatsApp zuwa wayar ɗalibi, domin yin hakan ba yaro hujja ne a gaban mahaifinsa. In ya zama dole, a tura wa iyaye.

Don haka ina kira ga reshenmu ya kai wannan batu gaban kwamitocin iyaye da malamai kafin ƙarshen zangon nan, a cimma yarjejeniya a rubuce: waya ta kwana a ɗakin iyaye daga bayan sallar isha'i, iyaye su san lambar sirrinta, kuma kuɗin da za a kashe kan babbar waya a haɗa shi a gyara ɗakin kwamfuta na makaranta, inda yaro zai koyi fasaha a gaban malami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma malamin da yake tare da yaro sa'o'i shida kacal a rana ba zai iya wannan aiki shi kaɗai ba.